Illar Ruwan Fayyace Hoto ga Ƙoda da Matsalar Bayyana Ta cikin Hausa a Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

Kalmar hoto tana daga cikin kalmomin aro da suka faɗaɗa ma'ana ƙwarai a Hausa. Bayan hoton da ake ɗauka don tarihi ko don katin shaida, a yau idan aka ce likita ya rubuta wa mutum hoto, kowa ya san cewa ana nufin binciken da ake yi da na'ura domin a ga abin da ke cikin jiki ba tare da an tsaga shi ba. Sai dai kuma wannan kalma guda ta ƙunshi bincike iri-iri waɗanda suka bambanta ta fuskar aiki da ta haɗari. Daga cikinsu akwai waɗanda ba sa fitowa sosai sai an ɗura wa majinyaci wani ruwa na musamman ta jijiya, kuma wannan ruwa ta ƙoda yake fita daga jiki.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana mene ne wannan ruwa, da yadda yake iya raunana ƙoda, da kuma waɗanda abin ya fi shafa. An ɗora bayanin ne a kan yankin Nguru da Gashuwa na arewacin Jihar Yobe, saboda yanki ne da ya yi suna wajen yawan masu fama da cutar ƙoda. Daga nan maƙalar za ta duba kalmomin da ake amfani da su tsakanin ma'aikatan asibiti da majinyata, domin a nuna cewa babban ɓangare na rigakafin wannan illa ya dogara ne ga tambaya da amsa, watau ga harshe. A duk tsawon maƙalar za a kira wannan ruwa da suna ruwan fayyace hoto, kuma an kawo dalilin zaɓen sunan a sashe na 6.1.

2.0 Ƙoda da Aikinta

Kowane ɗan Adam yana da ƙoda biyu a bayan ciki, dama da hagu na ƙashin baya, kowace tana da nauyin kimanin giram 150. Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya take turowa ta cikinsu yake bi. A kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatu kimanin miliyan ɗaya. Kowace matata tana da sassa biyu: wani ƙullin jijiyoyi wanda yake tace ruwa daga jini, da kuma wani siririn bututu wanda ruwan da aka tace yake bi. A kwana guda ana tace kimanin lita 180 na ruwa, amma bututun yana mayar da kusan kashi 99 cikin ɗari zuwa jini, ya bar abin da bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, wanda shi ne fitsari.

Likitoci suna auna ƙarfin ƙoda ta hanyar gwada wani datti da tsoka take fitarwa cikin jini, mai suna kiriyatinin. Idan ƙoda ta yi rauni, sai ya taru. Daga yawansa, tare da shekarun mutum da jinsinsa, ake lissafa ƙiyasin tacewa, watau yawan mililitar da ƙoda take tacewa a minti guda. Lafiyayyen matashi yana da 90 ko fiye. Daga 30 zuwa 59 rauni ne matsakaici, daga 15 zuwa 29 rauni ne mai tsanani, ƙasa da 15 kuwa ana cewa ƙoda ta gaza.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan bayani, domin a kansu sauran maƙalar ta ginu. Na farko, duk abin da bututun bai mayar cikin jini ba yana ƙara kauri yayin da ake janye ruwa daga gare shi. Na biyu, ƙoda tana iya rasa kusan rabin ƙarfinta ba tare da mai ita ya ji komai a jikinsa ba.

3.0 Ruwan Fayyace Hoto

3.1 Asali da Tarihi

A shekarar 1895 ne Wilhelm Rontgen na ƙasar Jamus ya gano hasken eksire. Wannan haske yana ratsa tsoka, amma ƙashi yana tare shi, shi ya sa ƙashi yake fitowa fari a hoto. Matsalar da aka fuskanta tun farko ita ce jijiyoyin jini da hanji da mafitsara duk kusan launi ɗaya suke fitowa, ba a iya rarrabe su. Ke nan sai an cika su da wani abu mai tare haske kamar yadda ƙashi yake yi.

A 1923 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka suka lura cewa majinyatan da ake yi wa allurar gishirin aidin don maganin tunjere, mafitsararsu tana bayyana a hoto. A 1929 Moses Swick, yana aiki a birnin Balin, ya yi amfani da wani haɗin aidin da aka yi musamman don hoton hanyar fitsari. Daga nan aidin ya zama ginshiƙin wannan fanni har zuwa yau. A 1969 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Torsten Almen, ya kawo shawarar yadda za a rage kaifin haɗin, abin da ya haifar da sababbin nau'o'in da suka yaɗu daga shekarun 1980. Buƙatar ruwan ta ƙaru matuƙa bayan da aka fara amfani da na'urar siti-sikan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera, aka kuma gwada ta a kan majinyaci na farko a Landan a 1971. Ita wannan na'ura tana ɗaukar hoton jiki ne yanka-yanka, kamar yadda ake yanka albasa.

3.2 Ire-irensa

Ana iya kasa ruwan fayyace hoto gida uku:

(a) Mai aidin. Shi ake ɗurawa ta jijiya don hoton siti-sikan, da hoton hanyar fitsari, da hoton jijiyoyin zuciya. A ido fari ne garau kamar ruwan sha, sai dai ya fi shi yauƙi. Tsofaffin nau'o'insa sun ninka jini kauri sau biyar zuwa takwas ta fuskar yawan abin da ya narke cikinsu, na baya-bayan nan sau biyu zuwa uku, akwai kuma wanda yake daidai da jini.

(b) Mai bariyom. Wannan kamar kunu yake, sha ake yi ko a ɗura ta dubura don hoton maƙogwaro da tumbi da hanji. Ba ya shiga jini, saboda haka ba ruwansa da ƙoda.

(c) Mai gadoliniyom. Ana amfani da shi a na'urar hoton maganaɗisu tun daga 1988.

Hoton ƙirji ko na karaya da aka saba yi, da kuma sikanin da ake yi wa mata masu juna biyu, ba a buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Maganar illa ga ƙoda ta fi shafar nau'i na farko.

4.0 Yadda Ruwan Yake Raunana Ƙoda

4.1 Hanyoyin Illa

Ruwa mai aidin ba ya narkewa a hanta, ba ya kuma sauya kama a jiki. Yadda ya shiga haka ƙoda take tace shi. A jikin mai lafiya rabinsa yana fita cikin kimanin sa'o'i biyu, kusan dukkansa kuma cikin kwana guda. A yayin wannan fita ne ake iya samun illa ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce tsukewar jijiyoyi. Bayan ɗan buɗewa na ɗan lokaci, ƙananan jijiyoyin ƙoda sukan tsuke. Can cikin tsakiyar ƙoda kuwa, ko da lafiya lau, iskar oksijin ba ta wadata ba, alhali bututun da ke wurin su ne suka fi aiki. Da zarar jini ya ragu, sai ƙwayoyin halittar bututun su galabaita, wasu su mutu.

Hanya ta biyu ita ce gubar kai-tsaye. Ruwan yana taɓa ƙwayoyin da suka lulluɓe cikin bututu, kuma gwargwadon daɗewarsa a wurin, gwargwadon lahanin da yake yi musu.

Hanya ta uku ita ce yauƙi. Tun da bututun yana janye ruwa ya bar aidin, abin da ke gudana a ciki yana ƙara kauri, tafiyarsa tana ƙara nauyi. Idan mutum yana cikin ƙishirwa, ƙodarsa tana janye ruwa fiye da kullum, ke nan kaurin zai ƙaru, kuma daɗewar za ta ƙaru. Wannan ne ya sa ƙarancin ruwa a jiki yake gaba-gaba cikin abubuwan da ake tsoro. Misalin abin kamar kwata ce da aka zuba wa ƙullu: idan da ruwa mai gudu sai ya wuce, idan babu sai ya daskare ya toshe ta.

Ga mai ƙoda lafiyayya, matatu miliyan biyu ne suke raba wannan kaya. Ga wanda rabin matatunsa ko fiye suka riga suka lalace, kason da kowace matata take ɗauka ya ninka, kuma ruwan yana daɗewa kafin ya fita.

4.2 Yadda Ake Gane Ta

Tun a 1954 likitoci a ƙasar Denmak suka ba da rahoton wani majinyaci mai sankarar ɓargo wanda fitsarinsa ya ɗauke bayan hoton hanyar fitsari. Amma a mafi yawan lokaci illar ba ta zuwa da alama a fili. Fitsari yana iya ci gaba da fita yadda ya saba, ba ciwon baya, ba zazzaɓi. Gwajin jini ne kawai yake nuna ta. Kiriyatinin yakan fara hawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ya kai ƙololuwa tsakanin kwana uku da biyar, sa'an nan ya sauko cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ma'aunin da ƙungiyar masana ƙoda ta duniya mai suna KDIGO ta fitar a 2012 shi ne, idan ya ƙaru da miligiram 0.3 a kowace desilita cikin sa'o'i 48, ko ya ninka sau ɗaya da rabi cikin kwana bakwai, to an sami rauni. Yawancin majinyata suna warwarewa. Kaɗan ne suke kaiwa ga buƙatar wankin ƙoda, kuma akasarinsu waɗanda ƙodarsu ta riga ta yi nisa ne.

4.3 Waɗanda Suka Fi Shiga Haɗari

Babban abin da yake jawo illar shi ne raunin ƙoda da ya gabata, musamman idan ƙiyasin tacewa ya gaza 30, ko kuma idan ƙodar tana cikin wani sabon rauni a daidai lokacin. Haɗarin yana ƙaruwa idan aka haɗa da ciwon sukari, ko raunin zuciya, ko tsufa, ko zawo da amai. Haka kuma yana ƙaruwa idan ruwan ya yi yawa, ko aka maimaita shi cikin kwana biyu zuwa uku, ko aka ɗura shi ta jijiyar da ke fitowa daga zuciya, kamar yadda ake yi a hoton jijiyoyin zuciya. Wasu magunguna ma suna taimaka wa illar, irin su diklofenak da ibuprofen na ciwon jiki, da allurar jentamaisin. Ƙwayar metfomin ta ciwon sukari kuwa ba ta raunana ƙoda, sai dai idan ƙoda ta raunana tana taruwa a jini ta zama haɗari, shi ya sa ake dakatar da ita na sa'o'i 48 ga masu rauni mai tsanani.

Ruwa mai gadoliniyom yana da tasa matsalar daban. A 2006 wani likita a Ostiriya, Thomas Grobner, ya danganta shi da wata cuta mai sa fata da gaɓoɓi su sandare, wadda take kama masu gazawar ƙoda. Bayan da aka daina ba irin waɗannan majinyata tsofaffin nau'o'insa, cutar ta yi ƙaranci ƙwarai.

4.4 Sabuwar Fahimta

Shekaru da dama an ɗauka cewa duk wanda kiriyatinin ɗinsa ya hau bayan hoto, ruwan ne sanadi. Binciken da aka yi daga baya, musamman wanda aka buga a 2013 daga asibitin Mayo da kuma Jami'ar Mishigan, ya kwatanta waɗanda aka yi wa siti-sikan da ruwa da waɗanda aka yi wa ba ruwa. Sai aka ga cewa ga masu ƙoda lafiyayya ko mai ɗan rauni, kusan babu bambanci. Dalili shi ne wanda ya kai ga buƙatar irin wannan hoto galibi yana fama da wata cuta da ita kanta take iya taɓa ƙoda. Bisa ga haka, a 2020 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da gidauniyar ƙoda ta ƙasar suka fitar da matsaya guda, inda suka bambanta raunin da ya biyo bayan ruwan da raunin da ruwan ya haddasa, suka kuma taƙaita babban haɗari ga waɗanda ƙiyasinsu ya gaza 30 da masu sabon rauni.

Ta fuskar kariya ma an sami sauyi. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2018, wanda ya ƙunshi majinyata kimanin 5,000, ya nuna cewa ruwan bakabonet da maganin asetilsistin, waɗanda aka daɗe ana bayarwa, ba su fi ruwan gishiri na yau da kullum amfani ba. Abin da ya rage a hannu shi ne: a auna ƙoda kafin hoto, a yi wa mai rauni mai tsanani ƙarin ruwa kafin hoton da bayansa, a dakatar da magungunan da ke cutar da ƙoda, a yi amfani da mafi ƙarancin ruwan da zai wadatar, sa'an nan a sake gwaji bayan kwana biyu ko uku. An kuma yi gargaɗi a kan hana majinyaci hoton da rayuwarsa ta dogara a kai don tsoron ƙoda kawai, kada a guje wa gara a faɗa wa zago.

5.0 Halin da Ake Ciki a Nguru da Gashuwa

Nguru da Gashuwa suna cikin fadamar da kogin Haɗejiya da na Jama'are suka shimfiɗa kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda yake gangarawa Tafkin Chadi. Nguru ita ce ƙarshen layin dogo da ya iso daga Kano a 1930, kuma a nan Cibiyar Lafiya ta Tarayya take. Gashuwa kuwa ita ce fadar Masarautar Bade, kuma tana da jami'ar tarayya tun 2013. Noman shinkafa da na rani da su da kiwo su ne manyan sana'o'in jama'a, kuma duk a cikin rana ake yin su, a yankin da zafi yakan wuce maki 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri sun daɗe da lura cewa kaso mai yawa na masu gazawar ƙoda da suke karɓa daga wannan yanki suke fitowa, musamman daga Gashuwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma da dama cikinsu ba su da ciwon sukari ko daɗaɗɗen hawan jini da aka saba ganin suna kashe ƙoda. Wannan ya yi kama da abin da aka gani tsakanin manoman shinkafa a Siri Lanka, da masu saran rake a Nikaragwa da Elsalbado, da kuma yankin Uddanam na Indiya. Abubuwan da masu bincike suke tuhuma sun haɗa da ƙarfe mai guba a ruwan sha da abinci, da magungunan feshi, da aiki cikin zafi tare da ƙishirwa, da yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki da jiƙe-jiƙe. Cibiyar binciken kimiyyar lafiya ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu tana daga cikin waɗanda suka duƙufa a kan wannan batu.

Ruwan fayyace hoto ba ya cikin abubuwan da suka haddasa wannan annoba. Alaƙarsa da ita ta wata fuska ce. Kwanciyar hankalin da sabuwar fahimta ta kawo ta ginu ne a kan sharaɗi guda, watau a san ƙarfin ƙodar majinyaci. A wuraren da aka yi waɗancan bincike, yawancin majinyata suna da tarihin gwaji a rubuce, kuma ana sa ran raunin ƙoda ne ga tsofaffi da masu ciwon sukari. A Gashuwa kuwa, magidanci ɗan shekara talatin da biyar, wanda bai taɓa kwanciya asibiti ba, yana iya zama ƙiyasinsa ya gaza 30 bai sani ba. Idan irin wannan mutum ya yi haɗarin mota, ko aka tura shi babban asibiti a Damaturu ko Maiduguri ko Kano don hoton ciki, zai iya tsallake duk tambayoyin tantancewa. Ga doguwar tafiya cikin zafi, ga ƙwayar ciwon jiki da ya sha a hanya, ga kuma komawa gida tun kafin kwanaki ukun da illar take bayyana. Raunin da wani zai warware daga gare shi cikin mako biyu, shi yana iya zame masa mafarin wankin ƙoda, wanda ake buƙata sau biyu ko uku a mako, kuma ya fi ƙarfin aljihun mafi yawan manoma.

6.0 Matsalar Kalmomi

Hausa ita ce harshen hulɗa a asibitocin yankin, amma ga da yawa daga cikin majinyata harshe na biyu ce, domin akwai Badawa da Mangawa da Fulani. Likita yana tunani da Ingilishi, ya faɗa da Hausa, majinyaci kuma ya juya cikin harshensa. A kowane mataki ma'ana tana iya zubewa.

6.1 Sunan Ruwan

Akwai sunaye huɗu da za su iya zuwa baki:

(1) maganin hoto
(2) allurar hoto
(3) rini
(4) ruwan fayyace hoto

Suna na (1) yana da aibi biyu. Kalmar magani tana sa majinyaci ya zaci waraka ake ba shi, kuma a tsarin Hausa maganin abu shi ne abin da yake kawar da shi, kamar maganin sauro da maganin tari. Suna na (2) ya faɗi hanyar shigarwa ne, bai faɗi abin da aka shigar ba, ga shi kuma jama'a suna ɗaukar allura a matsayin magani mafi ƙarfi. Suna na (3) fassara ce ta yadda masu jin Ingilishi suke kiran ruwan a bakin kasuwa. Bahaushe kuwa ya san rini a marina, abu ne mai launi wanda yake kama tufa ba ya fita, saboda haka sunan zai haifar da tsoron da ba shi da tushe. Suna na (4) ya faɗi siffar abin da kuma aikinsa, bai yi alkawarin waraka ba, kuma ana iya gajarta shi zuwa ruwan hoto. An fifita fayyace a kan haska domin ruwan tare haske yake yi.

6.2 Kalmar Ciwo

A Hausa ciwo yana nufin cuta, yana kuma nufin zogi. Dubi wannan tambaya:

(5) Kana da ciwon ƙoda?

Wanda ba ya jin zogi a ƙugunsa zai amsa da a'a, kuma bai yi ƙarya ba. Tun da cutar ƙoda ba ta zogi sai ta yi nisa, tambaya ta (5) ba ta tantance kowa. Waɗannan sun fi ta amfani:

(6) An taɓa auna maka jini don a duba ƙoda? Yaushe?
(7) Ƙafarka ko fuskarka tana kumbura?
(8) Fitsarinka yana kumfa? Kana yawan tashi fitsari da dare?
(9) A wane gari kake zaune, kuma a gidanku akwai wanda aka yi wa wankin ƙoda?

Har ila yau, ciwon ƙoda suna ne guda da ake ba abubuwa uku mabambanta. Ya kamata a rarrabe raunin ƙoda na farat ɗaya, wanda galibi yake warkewa, da cutar ƙoda mai daɗewa, wadda take ci sannu a hankali, da kuma gazawar ƙoda. Idan aka gaya wa majinyaci cewa ruwan hoto yana kawo ciwon ƙoda, a garin da kusan kowa ya san wanda wannan ciwo ya kashe, to abin da zai ji shi ne na ukun, kuma yana iya ƙin hoton da zai ceci ransa.

6.3 Azumi da Magani

Wani lokaci ana umurtar majinyaci da ya dakata da cin abinci na 'yan sa'o'i kafin hoto. Idan aka faɗi wannan da kalmar azumi, to an hana shi ruwa ke nan, domin azumin da ya sani ya haɗa ci da sha. Haka mutum zai taso daga Gashuwa tun asuba bai kurɓi komai ba, ya isa ɗakin hoto cikin halin da aka fi tsoro. Kamata ya yi a faɗi abin dalla-dalla, kamar haka:

(10) Kada ka ci abinci daga ƙarfe kaza, amma ka ci gaba da shan ruwa, sai fa idan likita ya hana.

Ita ma tambayar kana shan magani? tana da gajeren hannu, domin mutane da yawa suna ɗaukar ta a kan abin da likita ya rubuta. Sai an ambaci ƙwayar kemis da haɗin gajiya da jiƙo da tsimi da sassaƙe da sunayensu kafin a sami cikakkiyar amsa.

6.4 Wankin Ƙoda

Wannan suna ya riga ya zauna, amma jini na'urar take wankewa, ba ta taɓa ƙodar ba. Sunan yana sa a zaci cewa idan ruwan hoto ya ɓata ƙoda, wanki ɗaya zai gyara ta. A haƙiƙa wankin da ake yi bayan hoto don rigakafi ba a same shi da amfani ba. Wankin jini ya fi dacewa da ma'ana, ko da za a ci gaba da amfani da sunayen biyu tare.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa ruwan fayyace hoto mai aidin ba abin tsoro ba ne ga mai ƙoda lafiyayya, kuma amfaninsa wajen gano cuta yana da yawa. Haɗarinsa yana kan ƙodar da ta riga ta yi rauni mai tsanani, musamman idan ƙishirwa da wasu magunguna suka haɗu da shi. Abin da ya sa Nguru da Gashuwa suka fita daban shi ne yawan masu irin wannan ƙoda waɗanda ba su san halin da suke ciki ba. Saboda haka ya dace zama a wannan yanki shi kansa ya wadatar a matsayin dalilin gwajin kiriyatinin kafin duk hoton da ba na gaggawa ba, a kuma rubuta wa majinyaci ranar da zai sake gwaji a asibitin da ya fi kusa da shi.

A ɓangaren masana harshe kuwa, akwai aikin da yake jira. Ana buƙatar a zauna tare da likitocin hoto da na ƙoda a daidaita waɗannan kalmomi, a tsara takardar tambayoyi da ta neman izini cikin Hausa, a gwada su a kan majinyata na haƙiƙa don a ga abin da suke fahimta, sa'an nan a juya su zuwa Badanci da Manganci da Fulatanci. Ayyukan ƙamus da Russell Schuh da abokan aikinsa suka yi a kan harsunan Yobe sun samar da tushen da za a iya ɗora wannan aiki a kansa. Sassan nazarin harsuna na jami'o'in Gashuwa da Damaturu da Maiduguri da Kano su ne suka fi kusa da matsalar, kuma su ya kamata su fara.